Zabarjadi: Tarihin Kalma da Tarihin Dutse

Gabatarwa

Akwai wasu kalmomi da Hausa ta gada daga Larabci ta hannun malamai da mawaƙan wa'azi, muna rera su muna jin daɗinsu a kunne, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin abin da suke nufi. Lu'ulu'u da murjani da yaƙutu da zumurrudu duk suna cikin wannan rukuni. Murjani dai mata sun san shi, tun da ana rataya shi a wuya. Amma in aka zo kan zabarjadi sai a yi cirko-cirko. Marubuci zai sa shi a baiti in yana siffanta gidajen Aljanna, ko ya liƙa shi a kambin sarauniyar aljanu cikin ƙagaggen labari, in kuwa ka tare shi ka tambaye shi launinsa ko inda ake haƙo shi, sai ya shiga 'yan kame-kame.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar tare da dutsen da take nufi, tun daga wani ƙaramin tsibiri a Bahar Maliya har zuwa can cikin ƙasa inda ɗan Adam bai taɓa taka ƙafa ba. Mai karatu zai ga cewa kowace al'umma ta raɗa wa dutsen nan suna ne gwargwadon abin da idonta ya gani, kuma sai da aka shafe sama da shekara 2,000 kafin a gane cewa abin da sarakuna suka riƙa kashe mutane a kansa saboda ƙarancinsa, shi ne ma'adinin da ya fi kowane yawa a saman tsokar duniyar da muke takawa.

Ma'adinin da dutsen

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata a bambance abu biyu. Ma'adini abu ne guda mai haɗi ɗaya, kamar gishiri ko kuza. Dutse kuwa taron ƙwayoyin ma'adinai ne da suka manne da juna. Zabarjadi ma'adini ne. Masana suna kiransa olibin, in kuma ƙwayarsa ta yi girma ta yi garau har ta isa a sassaƙa ta a yi ado da ita, sai su ce feridot. Haɗinsa maganiziyam ne da ƙarfe da silikon da oksijin, kuma ɗan ƙarfen da ke ciki shi ke ba shi launinsa, wato kore mai ratsin ɗorawa irin na man zaitun.

Dutsen da wannan ma'adini ya mamaye shi ake kira feridotayit. Masana sun sa shi a rukunin duwatsun da asalinsu narkakken dutse ne da ya huce ya daskare, kuma sharaɗinsu shi ne olibin ya haura kashi 40 cikin 100 na jikinsa. Sauran jikin yawanci wani ma'adini ne mai duhu da ake kira fairoksin. In olibin ya haura kashi 90, sai a ce masa dunayit. Ƙwayoyinsa manya ne, ana ganinsu da ido kamar curarren sukari, alamar cewa a hankali ya huce can cikin ƙasa. Yana da nauyi ƙwarai. In aka yanko giranit, irin dutsen Kufena na Zariya, mita 1 tsawo da faɗi da tsayi, zai yi kimanin kilo 2,700, amma feridotayit mai wannan girman zai kai kilo 3,300. Mai karatu ya riƙe wannan nauyi, domin za mu sake buƙatarsa a gaba.

Tsibirin macizai

A cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 50 daga gaɓar kudancin Masar, akwai wani tsibiri da faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 5 ba, ƙololuwarsa kuma mita 235 ce. Babu ruwan sha, babu inuwar kirki. Larabawa suna kiransa Jaziratu Zabarjad. Daga nan ne mutanen dā suka riƙa samun koren dutsen nan.

Labarinsa ya fara fitowa sosai a zamanin sarakunan Girkawa da suka mulki Masar bayan Iskandar. Wajen shekara ta 275 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ptolemy na Biyu ya gina tashar jiragen ruwa a gaɓar da ke fuskantar tsibirin, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Berenike. Marubutan Girkawa irin su Diodorus da Strabo sun ce a dā ana kiran wurin Tsibirin Macizai, sai da sarakunan Masar suka sa aka kashe macizan kafin a iya aiki. Sun ce an zuba masu gadi, duk wanda ya sauka ba da izini ba kashe shi ake yi, kuma ba a barin ko kwale-kwale a tsibirin don kada wani ya sulale da dutse. Abinci daga gaɓa ake kawo musu, in jirgi ya yi jinkiri sai ma'aikata su zauna bakin ruwa su zuba ido cikin yunwa. Sun kuma ruwaito cewa ba a ganin dutsen da rana saboda hasken rana ya danne shi, sai da dare yake ƙyalli, a kifa masa ƙwarya, gari ya waye a haƙo. Wannan na ƙarshe ƙarin gishirin matafiya ne, domin zabarjadi ba ya haske da kansa. Amma sauran labarin yana da tushe, tun da masu binciken kufai sun sami tsofaffin ramukan haƙa da ɓaraguzan tukwane na zamanin Girkawa a tsibirin.

Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen Vesuvius, ya kira tsibirin Topazos, dutsen kuma topazos. Ya ce hazo kan rufe tsibirin har matuƙa su yi ta nemansa, kuma sunan ya fito ne daga wata kalma ta mutanen gaɓar mai ma'anar nema. A nan ne rikicin suna ya fara. Da tafiya ta yi nisa aka daina zuwa tsibirin, sai sunan ya rabu da dutsensa ya yi ta yawo, har a ƙarni na 18 masana Turai suka tsayar da shi a kan wani ma'adini dabam, wanda ba ya da alaƙa da na tsibirin. Shi ne tofaz na yau, irin wanda ake samu a yankin kuza na Jos. Ke nan wanda ya karanta tsohon littafi ya ga topazos ya fassara shi da tofaz, ya ba mai karatunsa dutsen da ba shi ake nufi ba.

A hannun malaman Larabawa

Su ma Larabawa sun sha fama da nasu rikicin, wato tsakanin zabarjad da zumurrud, tun da duka biyun koraye ne, kuma duka biyun daga yankin Masar suke fitowa. Al-Biruni, wanda aka haifa a shekara ta 973, ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja mai suna Kitabul Jamahir, inda ya auna nauyin duwatsu da yawa ta hanyar gwada su da ruwa. A wajensa kalmomin biyu suna nufin abu ɗaya. Bayan shekara kusan 200 sai ga Ahmad al-Tifashi, mutumin Arewacin Afirka da ya rasu a Alƙahira a 1253. A littafinsa Azharul Afkar ya ware wa zabarjad babi nasa dabam da na zumurrud, ya kuma nuna cewa a zamaninsa daga tsofaffin kufan Iskandariya ake tono shi. Wannan ya nuna cewa a lokacin an riga an manta da mahaƙar, sai abin da mutanen dā suka bari ake tsinta.

Turai ma ta faɗa wannan rami. A babbar majami'ar birnin Kolon ta Jamus akwai wani akwatin zinariya da aka ƙera tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, an yi masa ado da manyan korayen duwatsu. An daɗe ana ce musu zumurrudu, daga baya bincike ya nuna zabarjadi ne. Ita kanta kalmar feridot ta Faransanci, wasu masana harshe suna danganta ta da kalmar Larabci farida, wato dutse mai daraja wanda ba shi da na biyu.

A farkon ƙarni na 20 aka sake buɗe haƙa a tsibirin a zamanin Abbas Hilmi na Biyu, mai mulkin Masar, aka ci gaba jefi-jefi har gwamnatin Masar ta karɓe mahaƙar a 1958. Daga can ne aka samo sassaƙaƙƙen zabarjadin nan da ya haura karat 310, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. A yau dai yawancin wanda ke kasuwa daga wasu wurare yake fitowa, kamar yankin San Carlos na Arizona a Amurka, da Sin, da Bama, da tsaunukan arewacin Pakistan.

Suna linzami

Duk wannan tarihi na ƙwayar ado ne. Babu wanda ya damu da dutsen da ƙwayar ke kwance a cikinsa sai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Turawa suka fara karatun duwatsu a matsayin fanni mai zaman kansa.

Wajen 1790 wani malamin makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus, Abraham Werner, ya raɗa wa korayen ƙwayoyin da ake gani cikin baƙin dutsen basalt suna olibin, daga kalmar Latin ta zaitun. Werner gwani ne wajen siffanta ma'adinai, amma ya tafi a kan cewa basalt daga ruwan wata tsohuwar teku ya kwanta. James Hutton na Sikotilan da wasu masana na Faransa suka ce a'a, wuta ce asalinsa. An yi shekaru ana wannan muhawara kafin ra'ayin wuta ya yi rinjaye. Sunan da Werner ya raɗa ya tsira, bayaninsa ya faɗi.

Daga nan sai sunaye suka yi ta fitowa, kusan kowane daga wurin da aka fara ganin dutsen. A 1795 aka sami lerzolayit, daga tafkin Lherz a tsaunukan kudancin Faransa. A 1887 aka sami harzbajayit, daga garin Harzburg na Jamus. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne dunayit. A 1859 wani masani da ya zo da jirgin binciken ƙasar Ostiriya mai suna Novara, Ferdinand von Hochstetter, ya hau wani tsauni kusa da garin Nelson a Niyu Zilan. Turawan wurin suna kiransa Dun, kalmar Ingilishi mai nufin launin ƙasa-ƙasa, domin tsaunin tsirara yake, ja-ja, alhali maƙwabtansa duk kurmi ne. Wanda ya fasa dutsen zai tarar cikinsa kore ne shar, kusan olibin zalla. Jan da ke waje tsatsa ce, ta ƙarfen da ke cikin olibin da ya haɗu da iska da ruwa. Tsirara kuwa saboda ƙasar wurin ta cika maganiziyam da nikel da kuromiyam, ga ƙarancin abincin tsiro. To, ka ji yadda dutse mafi kore a wannan dangi ya tashi da sunan launin ƙasa, don masu raɗin suna fata kawai suka gani.

Irin wannan ruɗi na launi ya taɓa jawo wa mutane asarar dukiya. A 1871 aka gano daimon a wurin da ya zama garin Kimberley a Afirka ta Kudu. Da farko cikin wata ƙasa mai laushi ruwan ɗorawa ake samunsa. Da aka yi nisa sai aka ci karo da dutse mai tauri, shuɗi-shuɗi. Mahaƙa da yawa suka ɗauka arziki ya ƙare, suka sayar da filayensu da araha. Waɗanda suka saya, irin su Barney Barnato, su suka kwashi garaɓasa, domin ɗorawar da shuɗin abu ɗaya ne: ta sama ruɓewa ta yi saboda ruwa da iska, na ƙasa kuwa yana nan da ɗanyensa, daimon kuma yana ciki. A 1887 Henry Carvill Lewis ya raɗa wa dutsen suna kimbalayit. Shi ma cike yake da olibin, kuma yana ɗauke da curi-curin feridotayit da ya kwaso a hanya, daga zurfin da ya haura kilomita 150 inda daimon ke samuwa.

Ina asalinsa?

Ya zuwa 1900 an san dutsen a wurare da dama, amma ko'ina ɗan kaɗan ne, kamar baƙo. Amsar inda ya fito ta zo ta hanya biyu.

Ta farko daga ɗakin gwaji. Norman Bowen, ɗan Kanada da ya yi aiki a cibiyar Carnegie ta Washington, ya riƙa narka garin duwatsu a tanderu yana barinsu su huce. Ya gano cewa ma'adinai ba sa daskarewa lokaci ɗaya, layi suke bi, kuma olibin na sahun farko, domin nau'insa mai maganiziyam zalla sai zafi ya kai digiri 1,890 yake narkewa. A 1915 ya nuna cewa ƙwayoyin olibin, saboda nauyinsu, nutsewa suke yi ƙasan narkakken dutse, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin ƙwarya. Wannan ya bayyana yadda wani dunayit ɗin ke taruwa. Ya tattara bincikensa a littafin da ya fitar a 1928. Daga baya aka lura cewa ma'adinin da ya riga kowa daskarewa cikin tsananin zafi, shi ke riga kowa ruɓewa in ya fito sarari, inda yake baƙo. Shi ya sa ba ka samun olibin a yashin rafukanmu, sai farin yashi mai jimiri.

Hanya ta biyu daga girgizar ƙasa. Ranar 8 ga Oktoba 1909 ƙasa ta girgiza a kwarin kogin Kupa, kudu da birnin Zagreb na Kuroshiya. Wani masani mai suna Andrija Mohorovicic ya tattara bayanan na'urori daga tashoshi daban-daban, sai ya ga abin mamaki: a tashoshin nesa igiyar girgiza sau biyu take isa, kuma wadda ta bi ta zurfi, duk da ta fi nisan tafiya, ita ke riga isa. Ya ce lalle a zurfin kimanin kilomita 50 akwai iyaka, a ƙarƙashinta kuma akwai wani dutse mafi nauyi da igiyar ke gudu a cikinsa da sauri. Wannan iyaka ita ake kira Moho har yau. A samanta igiyar tana cin kilomita 6 zuwa 7 a daƙiƙa ɗaya ta ƙiftawar agogo, a ƙarƙashinta kuwa kimanin 8. Da aka gwada duwatsu a ɗakin bincike, feridotayit ne ya dace da wannan gudu da wannan nauyi na kilo 3,300 da muka ambata.

Don mai karatu ya fahimta, ya ɗauki duniya kamar mangwaro, mai ɓawo da tsoka da ƙwallo. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne. Ɓawon kimanin kilomita 7 ne a ƙarƙashin teku, a ƙarƙashin nahiyoyi kuma yawanci 30 zuwa 50 ne. Tsokar ta kai zurfin kilomita 2,900, kuma ita ce kashi 84 cikin 100 na girman duniya. Samanta, har zuwa kilomita 410, feridotayit ne, fiye da rabinsa olibin. Daga nan matsi kan sauya masa tsari ya koma wasu ma'adinai. Ɗaya daga cikinsu, ringwudayit, an same shi a 2014 maƙale cikin wani daimon na ƙasar Barazil, ɗauke da ruwa a jikinsa.

Mutane da yawa suna zaton tsokar nan narkakkiya ce. Daskararriya ce, sai dai zafi ya sa tana motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Inda ɓawon ƙasa ke tsagewa a tsakiyar tekuna, tsokar kan taso, matsin da ke kanta ya ragu, sai kashi 10 zuwa 20 nata ya narke. Mai yin ƙuli-ƙuli za ta fi kowa gane wannan. Lerzolayit shi ne markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Narkakken da ya tsatso ya hau sama ya zama basalt shi ne mai. Harzbajayit da dunayit da aka bari a ƙasa su ne tunkuza. Duk ƙasan tekunan duniya da wannan man aka shimfiɗa ta.

Gani ya kori ji

Duk da haka masana sun so su taɓa da hannu. A 1961 Amurkawa suka fara haƙa a ƙarƙashin wani shiri mai suna Mohole, na haƙa burtsatse daga kan jirgin ruwa har a huda Moho inda ɓawo ya fi siranta. Kusa da tsibirin Guadalupe na Meziko, cikin ruwa mai zurfin kimanin mita 3,600, suka haƙa mita 183 a ƙasan teku. Kuɗi suka yi ta ƙaruwa, majalisar Amurka ta soke shirin a 1966. Tarayyar Sobiyat ta haƙa nata ramin a yankin Kola, ya kai mita 12,262 a 1989, amma ko rabin ɓawon wurin bai ci ba. Har yau babu ramin da ya huda Moho.

Ashe abin da ake nema da injin haƙa yana nan shanye a rana. Tun 1813 Alexandre Brongniart na Faransa ya raɗa wa wasu korayen duwatsu masu sheƙi na tsaunukan Turai suna ofiyolayit, wato dutsen maciji, saboda kamarsu da fatar maciji. Bayan da ra'ayin motsin faranten ƙasa ya karɓu a shekarun 1960, sai Ian Gass na Ingila ya nuna a 1968 cewa tsaunukan Troodos na tsibirin Ƙubrus yanki ne na ƙasan tsohuwar teku da aka turo kan tudu. Mafi girma da kyawun irin wannan yana Oman, a tsaunukan Hajar, tsawonsa kimanin kilomita 500, shekarunsa kimanin miliyan 96. A can mutum kan bi kwari da ƙafa ya ratsa basalt na ƙasan teku, ya wuce, ya tsallake Moho, ya tsaya a kan tsokar duniya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Shi kansa tsibirin Zabarjad da aka koma aka bincike shi a farkon shekarun 1980, sai aka tarar tsaunukansa uku feridotayit ne, wato guntun tsokar ƙasa da ya taso sama sakamakon tsagewar da ke raba Afirka da yankin Larabawa, wadda ta haifar da Bahar Maliya. Masu gadin sarki Ptolemy a kan tsokar duniya suka yi ta zaman jiran jirgin abinci ba su sani ba.

A 2023 jirgin bincike JOIDES Resolution ya haƙa wani tsauni na ƙarƙashin Tekun Atilantika inda tsokar ta taso kusa, ya fito da sandar dutse mai tsawon mita 1,268, mafi yawanta feridotayit da ruwan teku ya jiƙa ya sauya. Ba a taɓa samun mai tsawon haka ba.

Ba sai mun je Oman ba kafin mu ga samfurinsa. Tsofaffin duwatsu masu aman wuta na tudun Biu a Borno, da na yankin Panyam da Kerang a Filato, da na kewayen tafkin Nyos a Kamaru, basalt suka amayar, kuma a cikinsa ana samun ƙwayoyin olibin da curi-curin feridotayit da narkakken dutse ya fizgo daga zurfi. Ɗalibin da ya fasa baƙin dutse a can ya ga kore a ciki kamar curarren sukari, ya riƙe abin da ya fito daga ƙarƙashin ɓawon ƙasarmu.

Amfaninsa a yau

Dutsen nan da danginsa su ne gidan kuromiyam da nikel da filatinam. Don jigilar kuromiyam na tsaunin Dun aka shimfiɗa layin dogo na farko a Niyu Zilan a 1862, dawaki ke jan taragunsa. Nikel na tsibirin Niyu Kaledoniya da na Indonesiya daga ruɓaɓɓen feridotayit ake kwasarsa. Sabon abin da ya ja hankalin duniya kuwa shi ne raunin nan nasa na saurin ruɓewa. In ruwa mai ɗauke da iskar kabon ya ratsa shi, sai iskar ta haɗu da maganiziyam ta daskare ta zama farin dutse. Fararen jijiyoyin da suka cika tsaunukan Oman ke nan. A 2008 Peter Kelemen da Juerg Matter na Jami'ar Columbia suka nuna cewa in aka hanzarta wannan aiki, za a iya kulle ɗimbin iskar da ke ɗumama duniya a cikin dutse. Mu da hamada ke matso mu, muna da ruwa da tsaki a wannan bincike.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, mun ga yadda Girkawa suka sa wa dutsen nan sunan tsibiri, sunan ya gudu ya bar shi. Larabawa suka gauraya shi da zumurrudu har sai da al-Tifashi ya raba. Werner ya dubi launin zaitun. Turawan Niyu Zilan suka dubi tsatsa. Kowa ya faɗi iyakar ganinsa, kuma duk inda suna ya rabu da sanin abin da yake nufi, sai an sami mai fassarar da ya ɓata ko mahaƙin da ya yi asara.

Muna yawan kukan cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. A wannan fage dai muna da ita, ta daɗe a bakin malamanmu, mu ne ba mu bi ta mun ga inda ta kwana ba. Shawarata ga masu rubuta littattafan makaranta da masu fassara ita ce a riƙe zabarjadi a matsayin sunan ma'adinin, a kira feridotayit uwar zabarjadi, tun da a cikinsa yake samuwa, a kuma yi amfani da ɓawo da tsoka da ƙwallo wajen bayanin sassan duniya. In wani yana da wadda ta fi wannan, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Mai waƙa da mai ƙagaggen labari kuwa, in za su sake sa zabarjadi a rubutu, su sa shi kore mai ratsin ɗorawa kamar man zaitun, kada su sa shi ja ko fari, kada kuma su ce yana haske cikin dare. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani.